Kakar 1947 a Brooklyn: Shekarar da Dodgers Suka Karɓi Baƙo

Tarihinmu na yau zai ƙetare teku zuwa Amurka, kuma a kan wani wasa ne da yawancinmu ba mu taɓa tsayawa muka kalla ba, wato besbol. Kada rashin sanin wasan ya sa mai karatu ya wuce. Labari ne na kakar wasa guda ɗaya, ta shekarar 1947, da ƙungiya guda ɗaya, Brooklyn Dodgers, wadda a farkon shekara wasu daga cikin 'ya'yanta suka yi niyyar ƙin shiga fili da wani mutum saboda launin fatarsa, a ƙarshen shekara kuma ƙafafun mutumin nan na cikin abin da ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya.

Bari mu ɗan san wasan tukuna. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da mutum tara. Ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗayar tana bugu. Majefi zai tsaya a tsakiya ya wurgo wata ƙwallo mai tauri da ba ta wuce girman lemo ba, mabugi kuma ya tare ta da kulki. In ya buga ta da kyau sai ya yar da kulkin ya ruga. A gabansa akwai matsaya uku, waɗanda zan kira zango, domin aikinsu ke nan, matafiyi ya tsaya ya numfasa kafin ya ci gaba. Wanda ya bi zango na ɗaya da na biyu da na uku ya komo gida inda ya fara, ya ci maki ɗaya. Masu tsaro kuwa burinsu su fitar da shi, ko dai su cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ko su riga shi kai ta zangon da ya nufa. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Turmi tara ake yi, kamar yadda 'yan dambe ke ƙirga nasu. Wasan yana da wuya ƙwarai, har ma wanda ya yi bugu mai amfani sau uku cikin goma gwani ake ce masa.

A wancan zamani manyan ƙungiyoyin Amurka 16 ne, an raba su rukuni biyu, National League da American League, takwas-takwas. Kowace ƙungiya tana buga wasa 154 daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Zakarun rukunan biyu su ne ke haɗuwa a World Series, inda wanda ya fara cin wasa huɗu ya ɗauki kambi. Dodgers suna rukunin National, gidansu filin Ebbets ne a Brooklyn, wani yanki na birnin New York da ya cika da ma'aikata da 'ya'yan baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa da 'yan Ireland da baƙar fata. Sunan ƙungiyar ma daga titi ya fito, domin ana yi wa mutanen Brooklyn laƙabi da masu kauce wa jiragen da ke ratsa titunansu. Sau uku suka taɓa kaiwa World Series, a 1916 da 1920 da 1941, kuma duk sau ukun an doke su a wasan ƙarshe. A 1946 sun yi kunnen doki da St. Louis Cardinals, aka sake karawa, Cardinals suka wuce. Magoya bayansu har sun saba da cewa sai baɗi.

Babu wata rubutacciyar doka da ta hana baƙar fata shiga waɗannan ƙungiyoyi. Yarjejeniyar baki ce tsakanin masu kuɗi, kuma ta fi rubutacciya ƙarfi. Tun shekarar 1884, da Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo, ba a sake ganin baƙar fata a fili a babban rukuni ba. Sai baƙaƙen suka kafa nasu ƙungiyoyin, da masu su da 'yan kallonsu da taurarinsu irin su Satchel Paige da Josh Gibson. Mutumin da ya ƙudura karya wannan al'ada shi ne Branch Rickey, shugaban Dodgers, lauya mai riƙo da addini wanda kuma ya san darajar dala. Masu tarihi sun daɗe suna jayayya a kan ko tsoron Allah ne ya motsa shi ko neman riba. A ganina duka biyun ne, kuma shi kansa bai ɓoye cewa yana son 'yan wasan da za su ci masa kambi ba.

Wanda ya zaɓa shi ne Jackie Robinson. An haife shi a jihar Georgia a 1919, ya tashi a Pasadena ta California, ya yi fice a wasanni huɗu a jami'ar UCLA. A 1944, yana hafsan soja, aka gurfanar da shi a kotun soji bayan ya ƙi komawa kujerar baya a cikin motar safa a jihar Texas, kotun kuma ta wanke shi. Wannan batu yana da muhimmanci, domin mutane da yawa suna ɗaukar Robinson a matsayin mai sanyin hali. Mai zafin zuciya ne, ba ya barin ta kwana. Ranar 28 ga Agusta 1945 Rickey ya zaunar da shi a ofishinsa na tsawon sa'o'i, yana kwaikwayon irin zagin da zai sha daga ma'aikacin otal da ɗan wasa da ɗan kallo, sannan ya gindaya masa sharaɗi: duk abin da aka yi masa ba zai rama ba, ko da baki ko da hannu. Dalilin Rickey shi ne, ranar da ya mari wani, ranar za a ce ga shi nan dama mun faɗa, a rufe ƙofar na wasu shekaru. Robinson ya amince. Aka tura shi Montreal ta Kanada, ƙaramar ƙungiyar da Dodgers ke renon 'yan wasa, inda a 1946 ya fi kowa bugu a rukuninsu, suka kuma ci kambi.

Da bazarar 1947 ta ƙarato, Rickey ya kwashe ƙungiyar zuwa Havana ta Kyuba domin atisaye, don a guje wa dokokin wariya na kudancin Amurka. Daga can suka leƙa Panama, kuma a nan ne maganar ta fito fili cewa wasu 'yan wasa, mafi yawansu 'yan kudu, suna zagayawa da takardar koke cewa ba za su yi wasa da baƙar fata ba. Cikin waɗanda ake ambata akwai Dixie Walker, wanda ya fi kowa farin jini a wurin mutanen Brooklyn, da Bobby Bragan da majefi Kirby Higbe. Kocin ƙungiyar, Leo Durocher, mutum ne mai kaifin harshe. Ya tashe su da tsakar dare ya tara su, ya shaida musu cewa launin mutumin bai dame shi ba, shi ne koci kuma ya ce zai buga, zai ma sa su samu kuɗi, wanda bai yarda ba a sayar da shi. Bai yi musu wa'azin adalci ba. Ya taɓa su ne inda ya san za su ji, wato aljihu, domin ladan zuwa World Series kuɗi ne mai kauri ga ɗan wasan wancan lokaci. Takardar ta mutu. Walker ya rubuta wa Rickey yana neman a sauya masa ƙungiya, Higbe kuwa a watan Mayu aka miƙa shi Pittsburgh. Cikin abin da aka karɓo a madadinsa akwai wani ɗan gajeren mutum mai suna Al Gionfriddo, wanda ba wanda ya kula da shi a lokacin. A riƙe sunansa.

Sai kuma ƙaddara ta gifta. Ranar 9 ga Afrilu, saura kwana shida a fara kaka, kwamishinan besbol Happy Chandler ya dakatar da Durocher na shekara guda, bisa zarge-zargen da suka haɗa da hulɗa da 'yan caca. Washegari Dodgers suka sanar da ɗaukar Robinson. Ya shiga ke nan ba tare da kocin da ya tsaya masa ba. Wanda aka kawo, Burt Shotton, dattijo ne ɗan shekara 62, mai shiru-shiru, ko rigar ƙungiya ba ya sawa, a kan benci yake zama da tufafinsa na gida.

Ranar 15 ga Afrilu 1947 Robinson ya fito filin Ebbets da lamba 42 a bayansa, yana da shekara 28, yana tsaron zango na ɗaya, wurin da bai saba ba. Mutum 26,623 suka shiga kallo, filin bai ma cika ba, kuma fiye da rabinsu baƙar fata ne. Bai yi bugu mai amfani ko ɗaya ba a ranar, amma ya ci maki ɗaya, Dodgers suka doke Boston Braves 5 da 3. Bayan kwana uku ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga a karon farko. Daga baya sai abin ya cije masa, ya fito sau ashirin a jere bai samu komai ba, masu jira su ga faɗuwarsa suka fara murmushi.

Philadelphia Phillies sun zo Brooklyn ranar 22 ga Afrilu. Kocinsu, Ben Chapman, mutumin Alabama, ya ja 'yan wasansa suka yi ta zuba wa Robinson ashar daga benci, tun daga turmin farko, suna ce masa ya koma gonar auduga, da wasu kalmomin da ba su dace da wannan shafi ba. Robinson ya faɗa daga baya cewa a ranar ya fi kusa da yar da kulki ya nufi bencinsu. Bai yi ba. A turmi na takwas, babu wanda ya ci maki, ya yi bugu ya isa zango na ɗaya, ya saci na biyu, jifan da aka yi don a tare shi ya zarce, ya wuce na uku, sannan ya shigo gida. Aka tashi 1 da 0. Kafin a gama wasanni ukun, Eddie Stanky, wanda shi ma bai yi maraba da zuwan Robinson ba, ya kasa daurewa, ya daka wa 'yan Phillies tsawa cewa matsorata ne, su nemi wanda ke da ikon mayar musu. Rickey ya ce daga baya babu wanda ya haɗa kan Dodgers kamar Chapman. Da surutu ya yi yawa a jaridu, aka matsa wa Chapman ya ɗauki hoto da Robinson, kuma a hoton da ya fi shahara kulki ɗaya suka riƙe, kowa da gefensa.

Na daɗe ina kallon wannan aukuwa a matsayin inda kakar ta juya. Abokan wasansa ba su wayi gari suna ƙaunarsa ba. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi: sun ga ana cin mutuncin mutumin da ke sanye da rigarsu, wanda aka ɗaure wa hannu, kuma shi ne ya ci musu wasan. Kunya ta fara aiki, teburin maki ya ƙarasa sauran.

Wajen fili kuwa babu abin da ya sauya da wuri. Otal ɗin Benjamin Franklin a Philadelphia ya ƙi saukar da shi, haka Chase a St. Louis. Ƙungiya ta sauka a wuri ɗaya, shi ya nemi masauki a unguwar baƙar fata, sau da yawa tare da ɗan jarida Wendell Smith na Pittsburgh Courier, wanda ya zame masa abokin tafiya. Wasiƙun barazanar kisa suna zuwa, har da ambaton matarsa Rachel da jaririnsu. A watan Mayu wata jaridar New York ta ruwaito cewa wasu 'yan Cardinals sun shirya yajin aiki, shugaban rukunin Ford Frick kuma ya yi gargaɗin dakatar da duk wanda ya yi. 'Yan Cardinals sun musanta. Akwai kuma labarin da ya fi kowane yawo, cewa Pee Wee Reese, ɗan Kentucky, ya dafa kafaɗar Robinson a gaban 'yan kallo masu ihu a Cincinnati. Har mutum-mutumi aka gina a Brooklyn saboda wannan, ko da yake jaridun lokacin ba su ruwaito shi ba, masu bincike kuma suna saɓani a kan shekarar da ya faru. An ruwaito cewa Reese ya ƙi sa hannu a takardar koke, kuma abin da ba a saɓa a kai ba shi ne abota ta ƙullu tsakaninsu. Hank Greenberg na Pittsburgh, Bayahude da ya sha nasa zagin shekara da shekaru, shi ma ya ƙarfafa masa gwiwa da suka haɗu a zango na ɗaya.

Da damina ta kankama sai wasansa ya buɗe. Daga tsakiyar Yuni ya yi wasa 21 a jere yana bugu mai amfani a kowane. Ranar 24 ga Yuni, a karawa da Pittsburgh, ya yi abin da ya zama tambarinsa, wato satar gida: yana zango na uku, majefi na shirin jifa, sai ya fyalla da gudu ya riga ƙwallon isa. Wannan salo daga ƙungiyoyin baƙar fata ya zo da shi. Manyan ƙungiyoyi a lokacin sun saba da jiran mai ƙarfi ya buga ƙwallo ta tsallake katanga. Shi kuwa in ya isa zango sai ya yi ta rawa, ya matsa gaba ya komo, har hankalin majefi ya rabu biyu, ya yi jifan banza, na bayansa ya amfana. Ba a rubuta irin wannan a lissafi, amma abokan wasansa suna gani. Farashin da ya biya shi ma a bayyane yake. Sau tara majefa suka same shi da ƙwallo a jiki a kakar. Ranar 20 ga Agusta Enos Slaughter na Cardinals ya taka masa ƙafa da ƙusoshin takalmi a zango na ɗaya. Slaughter ya ce ba da gangan ba ne har ƙarshen rayuwarsa. Abin lura shi ne a wannan karo 'yan Dodgers ne suka fusata a madadinsa.

Ba shi kaɗai ya ɗauki ƙungiyar ba, kuma zai zama rashin adalci a ce haka. Ralph Branca, yaro ɗan shekara 21, ya ci wasa 21 a matsayin majefi. Hugh Casey ne ke shigowa ya kashe wutar ƙarshen wasa. Reese da Stanky suka riƙe tsakiyar fili. Dixie Walker, duk da abin da ke ransa, ya yi kaka mai kyau, har an ruwaito yana ba Robinson shawara a kan bugu. Pete Reiser kuwa, wanda ake ganin ya fi su duka baiwa, a farkon Yuni ya bi ƙwallo da gudu ya gwabza kansa da katangar Ebbets, ƙoƙon kansa ya tsage, har aka kira limamin coci don an ɗauka ba zai tashi ba. Ya tashi, ya dawo wasa.

Dodgers suka gama da nasara 94 da faɗuwa 60, suka ba Cardinals ratar wasa biyar. Robinson ya buga wasa 151, ya ci maki 125, ya saci zango 29, fiye da kowa a rukunin, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 12, ma'aunin bugunsa kuma .297, wato dab da ukun nan cikin goma. Aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa. Albashinsa dala 5,000 ne, mafi ƙanƙantar abin da ake biya. Mutum fiye da miliyan 1.8 suka shiga Ebbets a shekarar. A Chicago ranar 18 ga Mayu fiye da mutum 46,000 suka sayi tikiti, baƙar fata da yawa sanye da kayan zuwa coci.

World Series ta haɗa su da maƙwabtansu New York Yankees, kuma ita ce ta farko da aka nuna a talabijin. Yankees suka ci biyun farko, Dodgers suka ci na uku 9 da 8. Wasa na huɗu, ranar 3 ga Oktoba, har yau ana ba da labarinsa. Majefin Yankees, Bill Bevens, ya kai turmi na tara ba tare da ko mutum ɗaya ya yi masa bugu mai amfani ba, abin da ba a taɓa kammalawa a World Series ba a lokacin. Sai dai jifansa ba saiti, yana ta ba mutane zango kyauta, har sau goma a wasan. Yankees na gaba 2 da 1, saura mutum ɗaya a fitar. Gionfriddo, ɗan gajeren nan, yana zango na ɗaya, ya saci na biyu. Kocin Yankees ya ba da umarni a bar Reiser ya wuce da gangan, alhali Reiser da ciwon idon sawu yake, da ƙyar yake takawa. Shotton ya kira Cookie Lavagetto, tsohon ɗan wasan da ya kwashe kakar yawanci a benci. Ya kai bugu na farko ya kuskure. Na biyu ya aika ƙwallon ta daki katangar dama, mutum biyu suka shigo gida. Bugu ɗaya tak Dodgers suka yi a wasan, kuma da shi suka ci 3 da 2.

Yankees suka ci na biyar 2 da 1. A na shida, gaban mutum fiye da 74,000 a filin Yankees, Dodgers na gaba 8 da 5, Joe DiMaggio ya zabga wata ƙwallo da kowa ya ɗauka ta tafi, da mutum biyu a kan zango. Gionfriddo, wanda a turmin nan aka sa shi, ya bi ta da gudu har hularsa ta faɗi, ya cafe ta dab da shinge. DiMaggio, wanda ba a san shi da nuna fushi ba, ya shuri ƙasa. Dodgers suka ci 8 da 6. A wasa na bakwai sun fara shiga gaba da maki biyu, sai Yankees suka kawo Joe Page, ya rufe su turmi biyar, aka tashi 5 da 2. Brooklyn ta koma cewa sai baɗi. Wani abin mamaki, Bevens da Lavagetto da Gionfriddo, su ukun, babu wanda ya sake buga wasa ko ɗaya a babban rukuni bayan wannan mako.

Da kaka ta ƙare aka miƙa Walker ga Pittsburgh, aka kuma miƙa Stanky ga Boston domin Robinson ya koma zango na biyu. Tun cikin 1947 wasu sun biyo sawu: Larry Doby ya fara wa Cleveland a watan Yuli, Dan Bankhead ya zo Dodgers a Agusta a matsayin majefi. Amma tafiyar ta yi nawa, domin Boston Red Sox ba su sa baƙar fata a fili ba sai 1959. Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba. Rickey bai biya Kansas City Monarchs, ƙungiyar baƙar fata da Robinson ya fito, ko sisi ba. 'Yan kallon da suka cika Ebbets da filin Chicago su ne dai waɗanda a da suke cika filayen ƙungiyoyin baƙar fata. Bayan kakar 1948 ɗaya daga cikin manyan rukunansu biyu, Negro National League, ya rushe, masu ƙungiyoyi da koci-koci da masu sayar da tikiti suka rasa sana'a, kuma ba a buɗe musu ƙofar da aka buɗe wa 'yan wasa ba.

A 1949 Rickey ya sauke wa Robinson sharaɗin shiru. A shekarar ya fi kowa bugu a rukunin, aka zaɓe shi gwarzon shekara, ya kuma fara jayayya da alƙalan wasa da mayar da magana, sai wasu 'yan jaridar da suka yabi haƙurinsa suka koma kiransa mai girman kai. Dodgers sun ci kambin da suke nema a 1955, a hannun Yankees ɗin dai. Bayan kakar 1957 mai ƙungiyar ya kwashe ta zuwa Los Angeles, a 1960 aka rushe filin Ebbets aka gina gidajen haya a wurin. Robinson ya rasu a watan Oktoba 1972 yana da shekara 53, ciwon sukari ya kusa makantar da shi, kansa ya yi fari fat. Kwana tara kafin rasuwarsa an karrama shi a filin World Series a Cincinnati, ya karɓi makirufo ya yi godiya, sannan ya ce zai fi farin ciki ranar da ya ga baƙar fata yana jagorantar ƙungiya a matsayin koci. Hakan bai faru ba sai 1975.